Masu Gadin Ƙanƙara

Shisha, Makka
Ranar Talata

Zuwa ga Yaya Muhsin, Balaraben Fagge,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa irin ta ƙani da wansa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya sauro, yaya ɗaukewar wuta, yaya kasuwar shawarma? Ka ce mutanen Kano sun daina dariyar Hausarka. Ban yarda ba, sun dai gaji ne. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Inna tana gaishe ka, ƙafar tata da sauƙi.

Ka yi haƙuri da rubutun allona. Na rubuta ne na ɗauki hotonsa a jawwal, wayar hannu in ka manta Larabci, don gidan nan na Shisha ba kamar namu na Nakkasa da aka rushe ba ne. In ka yi tari a ɗaki sai an yi maka sannu daga kicin, abin da ka tambaya kuwa ba na faɗa da ƙarfi ba ne.

Baba yana nan yadda ka sani. Yana zaune gaban taga, tagar kuma bangon maƙwabta take kallo. Ya yi salla, ya ci rabin abinci, ya koma ya zauna. In ka kira Inna ya jiyo muryarka, sai ya ɗauki buta ya shige bayi, ya daɗe kamar mai wanke zunubin unguwa. Ba fushi yake da kai ba. Tun ranar da aka yi ihun askar masu kamen marasa takarda a kasuwa ya tsere ta lungu, kai kuma ka koma nemansa aka damƙe ka aka yi maka tarhil, aka kora ka Najeriya, sunanka ya fi ƙarfin bakinsa. Inna ta ce in aka ci gaba a haka, kabarin Makkan da ya baro Haɗejia ya ratso Cadi da Sudan don ya samu, zai same shi tun lokaci bai yi ba.

To bari in ba ka abin dariya, kada ka jiƙa wa mutane shawarma da hawaye.

Akwai wani ɗalibi, Awwal, ɗan garinku na yanzu. An turo shi karatun hadisi, sai ya waye gari ya ce shi darakta ne. Yana sa tabarau marar magani, yana riƙe haɓa in zai yi magana. Wai zai yi fim ɗin soja da Bahaushe bai taɓa yin irinsa ba. Sojojin suna wani sansani can ƙarshen duniya ta arewa, inda ƙasa ƙanƙara ce, sama ƙanƙara, rana kuma in ta faɗi sai bayan rabin shekara. Rediyonsu ya mutu, jirgin da zai kawo musu abinci ya ƙi zuwa. Na ce to me suke gadi a can? Ya ce iyaka. Na ce wa zai saci ƙanƙara, ya shekh? Kuma mai azumi a garin yaushe zai sha ruwa? Ya dube ni ta saman tabarau ya ce matsalarmu mu takaru, Hausawan da suka zaune a nan, ba mu san fasaha ba.

Ka san abin da ya kawo shi wurin marar fasaha? Tallaja. A duk Makka ba inda zai sami ƙarshen duniya sai ɗakin sanyin da nake wa maigidana Bandar lodin kaji. Bandar ya yarda a shiga ran Juma'a bayan an sauko, muddin ba a taɓa masa kwali ba. Ni kuma aka yi mini alkawarin kyaftin.

Ka gaida mai gidanka da duk wanda ya tambaye ni, in akwai. Ka huta lafiya.

Ƙaninka da ya fi ka kyau,
Usama

*

Shisha, Makka
Ranar Lahadi

Zuwa ga Yayana Muhsin,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da ta aiki. Zazzaɓin da ka ce ya kama ka, ina fata ya sake ka. Inna ta ce ka daina shan ruwan leda ko wane iri, ka dinga duba na kirki.

Ka tambaya ko na zama kyaftin. Allah ya isa tsakanina da Awwal. An ba wani abokinsa Abdulquddus kyaftin, saboda shi ne mai jawwal mai ido uku da ake ɗauka da ita. Ni an ba ni dubbu. Wai wata farar dabba ce ta can, kamar kura ta ci ta ƙoshi. An samo fatun ragunan hadaya da ba su gama jima ba aka ɗinke mini. In na shigo, kyankyasai fita suke.

Da ka ga ƙarshen duniyar nan da ka yi dariya har ka manta kana Kano. Ƙanƙarar ƙasa haramin alhazai ne, waɗanda suke yarwa a otel-otel na Jarwal in sun gama umara. Mun kwaso buhu-buhu mun shimfiɗa a kan kwalayen kaji, shi ne duwatsu. Wani ma da lambar ɗaki a jiki. Mai zubowa daga sama kuwa farin soson kwalin firiji ne, ana marmasawa a gaban fanka, yana shiga hanci ana atishawa. Bindigogi bututun ruwa ne da aka shafa wa baƙin fenti. Sojojin rabi ɗalibai ne, rabi yaran unguwa irin su Ayman, waɗanda in an ce su ce "To, ranka ya daɗe" sai su ce "Abshir, ya Janar," Awwal ya kama kai yana salati. A waje suna zufa cikin jaket ɗin gwanjo, a ciki haƙora na kaɗawa, kowa na leƙen agogo.

Yanzu ka zauna da kyau. Janar ɗin Baba ne.

Awwal ya zo gida nemana, ya tarar da shi a gaban tagar nan. Ya tsaya ya riƙe haɓa, ya ce wannan fuskar yake nema tun Muharram. Na ce ya fita kafin Inna ta fito da muciya. Sai Baba, wanda ya yi kwanaki ban ji ya haɗa kalma biyar ba, ya juyo ya tambaya me Janar ɗin yake yi. Awwal ya ce ba ya komai, jira yake. Ɗansa ya fita cikin ƙanƙara bai dawo ba, shi kuma ya hana kowa barin sansani. Baba ya ce yaushe za a fara.

Wallahi Yaya ban san abin da zan ce maka ba. Ya gyara gemu. Yana cinye abinci har ya nemi ƙari. Da safe yana tsayawa gaban madubin Inna yana sara wa kansa, ita kuma tana leƙe tana murmushi tana cewa Allah ya yi wa yaron nan Awwal albarka. Albarka! Inna ba ta san abin da na sani ba.

Da farko a labarin, ɗan Janar ya fita ne neman jirgi. Sai wani mai dogon baki ya ba Awwal labarinmu. Juma'ar da ta wuce ya zo da sabon zance: wai an kawo hari, Janar ya ɓuya, ɗan ya koma nemansa, shi ke nan ƙanƙara ta haɗiye shi. Ya sa Baba a kujera, ya kawo jawwal dab da hancinsa, yana cewa da muryar nan tasa ta masu wa'azin rediyo, "Baba Tsoho, tuna naka. Tuna ranar. Kada ka share, bar shi ya zubo." Baba ya yi kuka, kuka na gaske, a gaban yaran da ya ga ranar sunansu. Awwal ya juya ya ɗaga wa Abdulquddus babban yatsa. Ina cikin fatar rago ina kallo.

Da aka fito na tare shi na ce wannan ba daidai ba ne. Ya dafa kafaɗata, sannan ya tuna warin ya janye hannu ya goge a riga. Wai fasaha sai da sadaukarwa, wai soja ba ya tsoron ciwo, wai fim ɗin nan zai koya wa mutanenmu na nan tsayuwa, su da suka saba da gudu. Mu ke nan. Shi da ya zo jiya a jirgi da igama, takardar zama, a aljihu, gwamnati na ba shi abinci, shi zai koya wa Baba tsayuwa.

Na juya na tafi. Ka san ni in na yi shiru. Juma'a mai zuwa za a ɗauki babban wuri, inda sojoji za su yi rantsuwa ba mai motsawa ko sama za ta faɗo. Zan ga tsayuwar.

Kada ka gaya wa Inna komai. Ka huta lafiya.

Naka,
Usama dubbu

*

Shisha, Makka
Ranar Asabar

Yaya Muhsin,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da mutanen gidan. Mu ma lafiya, ba wanda ya ji ciwo, na fara da wannan don kada gabanka ya faɗi. Na ga saƙonka da kake cewa kada in yi abin da ka san zan yi. Ya iso bayan na yi.

Jiya aka taru. Awwal ya zo da sabuwar hula mai baki, ya jera sojojinsa a kan haramin mutane, fanka na watsa soso. Baba na tsakiya da doguwar jaket da hular ulu. Ni an ɓoye ni bayan kwalaye kusa da ƙofa, in an gama rantsuwa in yi gurnani in fito su harbe ni. Awwal da kansa ya shiga sahu, don ya ce ba wanda zai iya faɗin kalmomin da zafin da yake so. Ya ɗaga bututunsa sama ya ce ko mutuwa ce ta ƙwanƙwasa ƙofar nan, za ta same su a tsaye. Sauran suka amsa, har da masu cewa wallahil azim.

Sai na ƙwanƙwasa. Na sami ƙarfen buɗe kwali na maka wa ƙofar, na sirance murya irin ta matan da ke sayar da gyaɗa a bakin titi, na kurma: "Askar! Askar! Ya jama'a, askar!"

Yaya, ina ma kana nan. Ban rufe baki ba sansanin ƙarshen duniya ya watse. Ayman da yaran unguwa ban ga laifinsu ba, da wannan kalmar aka yaye mu, ƙafa ce ke ji kafin kunne. Amma ɗaliban fa? Kowannensu da takardarsa lafiyayya a aljihu. Kyaftin Abdulquddus ya yar da jawwal mai ido uku ya bi ta ƙofar baya. Wani ya shige ƙarƙashin harami ya kwanta kamar gawa, ƙafafu a waje. Darakta kuwa, mai koya wa takaru tsayuwa, shi ya riga kowa. Ya haye dutsen kaji, dutsen ya rushe da shi, ya tashi ya ture wani yaro, ya bar takalmi ɗaya da tabarau, ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. An ce sai a bakin masallacin unguwa ya tsaya, ya shiga sahun masu alwala da jaket ɗin soja.

Na yi dariya har fatar ta yage a hammata. Ina durƙushe a bakin ƙofa ina share hawaye, sai na ji taku a bayana, a hankali, ba irin na mai gudu ba.

Baba ne. Bai motsa daga inda aka tsayar da shi ba sai da wurin ya yi tsit. Ya cire hular ulun ya ajiye a kan kwali. Ya cire jaket ɗin ya ninke. Sannan ya taho ƙofa ya haɗa hannayensa biyu ya miƙo gaba, yadda ake miƙa wa mai ankwa. Hasken waje ya kashe masa ido, bai gane ni ba. Ya ce da Larabcinsa na kasuwa, da ƙarfi, ba rawar murya: "Ga ni. Ni ne Tsoho, uban Muhsin. Ba ni da takarda."

Shekara nawa Baba yana gudun kalmar nan? Tun ba a haife mu ba. Ya taɓa kwana a tankin ruwa saboda ita, kai ka ba ni labari.

Na cire kan dubbun. Ya dube ni, ya dubi titi ta bayana, dama da hagu, kamar wanda mota ta wuce ta bari. Hannayen na nan a miƙe. Can ya sauke su ya ce, "Au. Kai ne." Na jira mari, wallahi da na samu da na ji daɗi. Bai mare ni ba. Ya ce in je in tsince wa Bandar kajinsa kafin su narke.

A mota muna dawowa, da muka kusa gida ya juya wajen taga. Ya ce, kamar da gilashi yake yi, "Ashe ba wuya."

Ban san me yake nufi ba, ko kuma na sani ba na so. Ya ci tuwonsa duka. Yau da safe bai zauna a taga ba, ya fito da tsohuwar jakarsa yana kaɗe ƙura.

Awwal ya aiko a karɓar masa takalmi. Na ce ya zo da kansa, sansanin na nan inda ya bar shi.

Ka yi mana addu'a. Wassalam.

Usama

*

Shisha, Makka
Ranar Alhamis

Zuwa ga Yayana Muhsin,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Inna tana gaishe ka. Ni ba ta gaishe ni, tun ran Asabar sai dai ta ajiye mini abinci ta juya. Na ji zaginka a saƙon murya, na saurara har ƙarshe, ka iya zagin Kano yanzu, madalla.

Ka nemi ɗaki mai taga. Baba ya tafi ya miƙa kansa ga askar.

Ba wanda bai zo ba. Tsofaffin Nakkasa sun zo, waɗanda suka tsallako teku tare da shi, suna cewa Tsoho ka haukace, mutane na sayar da gona don su zo su mutu a nan, kai saura ƙiris ka ce za ka koma? In ka fita ba dawowa, ka sani. Ya ce ya sani. Inna ta yi kuka ta ce ita fa? Ya ce ita tana da takarda ta hannun ɗan'uwanta, in ta ga dama ta biyo shi da rana tsaka ta ƙofar gaba, in ba ta ga dama ba ya yafe mata. Ta ce ji mutum, wa ya ce yafiyarsa take nema. Amma na ga ta fara tambayar kuɗin jirgi a ɓoye.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne gwarzon naka Awwal. Ya zo da sabon tabarau da littafi a hammata, ya tuna ashe hadisi aka turo shi karantawa. Ya zauna ya tanƙwashe ƙafa yana jero wa Baba falalar zama a Makka da darajar wanda aka binne a cikinta, har da lumshe ido. Ni na san abin da ke cinsa: saura wuri biyu a gama fim, kuma ba Janar. Da ya ga falala ba ta ci ba sai ya sauko, ya ce to ko Juma'a ɗaya Baba ya ƙara, a sake ɗaukar wurin miƙa hannun nan, don jawwal ɗin tana ƙasa lokacin, silin kawai ta ɗauka. Wai wurin ya yi kyau sosai.

Na miƙe. Baba ya ce in zauna. Ya dubi Awwal ya ce, "Malam, na gode da karatu. Amma wanda ya bar takalminsa a tallaja ba shi zai koya mini zama ba." Ya sa Inna ta kawo masa shayi, ya sha, ya fita yana riƙe da haɓa. Na ji an ce yanzu zai mai da fim ɗin na ban dariya, wai dama can haka ya tsara. Bandar kuma ya ce in ya ƙara ganin soja kusa da kajinsa, askar na gaske zai kira.

Jiya na raka Baba Harami ya yi ɗawafin bankwana. Ya ƙi keken guragu, ya yi da ƙafarsa, yana tsayawa yana hutawa. Da ya gama ya daɗe yana kallon Ɗaki. Na matsa gefe, don wannan ba kallon da ake tsayawa kusa da shi ba ne. Ina ta jira ya ce mu koma gida, ya fasa tafiyar. Da ya juyo sai ya ce in sayo masa ruwa, ƙishi yake ji.

Yau da hantsi muka ɗauki tasi zuwa gidan tarhil. Ya sa farar jallabiyarsa, jaka ɗaya, carbi, da maganin hawan jini da Inna ta ɗaure masa a leda. Ya hana ni ƙarasawa ƙofar. Wanda ke gadi ma sai da ya tambaye shi sau biyu, don bai saba ganin wanda ya kawo kansa ba. An ce za su riƙe shi kwanaki kafin a sami jirgi, zan sanar da kai da zarar na ji rana.

Ban sani ba ko na yi maka alheri ne ko na yi wa Baba asara. Mutanen unguwa sun kasu biyu a kaina, duka ɓangarorin kuma zagina suke. Ni dai wawa na so in kunyata.

Ga saƙonsa, don shi ne dalilin takardar. Kafin ya sauka daga tasin ya riƙe hannuna, ya faɗi sunanka a gabana ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Ya ce: "Ka gaya wa Muhsin, ranar da zan sauka, ya tsaya a fili inda zan gan shi. Ko na daɗe ban fito ba, kada ya shigo nemana. Ni zan fito in same shi."

To ka ji. Ka je da wuri, ka sa riga mai kyau, kuma ka tsaya inda aka ce.

Ka huta lafiya. Allah ya sada ku da alheri.

Ƙaninka,
Usama